Dogayen Kalmomin Turanci Da Yadda A Ke Shan Kansu

Babu abin da ya ke razana ɗan makaranta cikin littafin Turanci kamar doguwar kalma. Yaro yana karatu lami lafiya, muryarsa a sake, sai ya ci karo da kalma mai harufa goma sha biyu. Nan take murya ta sarƙe, ido ya koma ƙasa, ya tsaya yana jiran malam. Malam ya faɗa, aji duka su maimaita sau uku, a wuce. Jibi in an dawo wa shafin, kalmar nan tana nan kamar baƙon da ba a taɓa gaisawa da shi ba.

Ni a ganina wannan hanya ta koyon kalmomi asarar lokaci ce, kuma ina so in gaya muku dalili, ku 'yan aji biyar da aji shida na makarantun Kalgo da Gwandu da kewaye. Doguwar kalmar Turanci kamar rake ta ke. Ba wanda ya ke cusa sandar rake ɗungum a baki. Karyawa a ke yi gunduwa gunduwa, a ɓare, a sha. Yawancin dogayen kalmomin nan haɗi ne na 'yan gajerun gunduwoyi, gunduwa ɗaya kuwa ta kan fito cikin kalmomi masu yawa, da harufanta iri ɗaya, da ma'anarta iri ɗaya. Yaron da ya san gunduwa hamsin ya fi wanda ya haddace kalma ɗari biyar, domin shi ya kan gane har kalmar da bai taɓa gani ba.

Kada ku zaci wannan wani baƙon abu ne da Turawa suka zo da shi. Kun daɗe kuna yinsa da Hausa ba ku lura ba. Ku dubi manomi, da magini, da maɗinki, da maƙeri, da masunci. Dukansu da *ma* suka fara, kuma dukansu sunan mai yin wani aiki ne, watau noma, da gini, da ɗinki, da ƙira, da su. In kuwa aka ce maƙera, ko marina, ko mahauta, ko makaranta, kun san wurin yin aikin a ke nufi. Mabuɗi da ma'auni da magirbi kuma kayan aiki ne. Haka nan in baƙo ya ce muku shi Bagobiri ne, ba sai an yi muku bayani ba, domin kun san Bakabe da Bakano da Bazabarme. Kun san jama'arsu Kabawa ne da Kanawa da Zabarmawa, kun san in an ƙara *anci* a baya harshe ya fito, kamar Zabarmanci da Turanci. Malaman nahawun Hausa suna kiran tushen kalma saiwa. Abin da a ke maƙala mata a gaba suna ce masa ɗafa-goshi, na baya kuwa ɗafa-ƙeya.

Mu mutanen ƙasar Gwandu ma mun fi kowa cancantar riƙon wannan ilimi, domin gadonmu ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829, hubbarensa kuma yana Gwandu har yau, ya wallafa littattafai da yawa. Cikinsu akwai Bahrul Muhiɗi, a kan nahawun Larabci, akwai kuma Hisnur Rasin, a kan sarfu. Sarfu shi ne ilimin yadda a ke juya tushe ɗaya a fitar da kalmomi barkatai daga cikinsa, daga nan ne ma muka sami kalmar sarrafa. Ga misalin da kuka sani. Hukunci, da hukuma, da hakimi, da hikima duk daga Larabci muka aro su, kuma in kun saurara za ku ji harufa uku suna tafe cikinsu duka, *h* da *k* da *m*. Ilimi da malami da ulama'u su ma 'yan gida ɗaya ne. Mutumin da ya ke da hidimar rabin daula a wuyansa ya sami sukunin zama ya tsara littafi sukutum, cikin waƙe, don almajirai su san yadda a ke ƙera kalma. Da abin wasa ne da bai ɓata tawadarsa ba.

To, daga ina Turanci ya sami nasa gunduwoyin? Yawancinsu aro ne daga harsuna biyu na dā: harshen Girkawa, waɗanda littattafan Larabci su ke kira Yunanawa, da Latin, harshen Rumawa. A shekarar 1066 wani basarake mai suna Wiliyam ya ƙetaro daga Nomandi ta ƙasar Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci, wanda shi ma ɗan Latin ne, ya zama harshen fada da na shari'a a Ingila shekaru masu yawa, kalmominsa suka yi ta shiga Turanci, kamar yadda alƙali da shari'a da wasiyya suka shigo Hausa daga Larabci. Bayan haka kuma, duk sa'ad da masana suka ƙago wani sabon abu, sai su koma wa Girkanci da Latin su ɗebo gunduwoyi su haɗa masa suna.

Bari mu fara da *tele*, wadda ma'anarta nesa. *Phone* murya ce ko sauti, saboda haka *telephone* muryar nesa ke nan. Shi ne Bahaushe ya lanƙwasa ya ce tarho. Wanda aka ba takardar shaidar ƙago shi, Alexander Graham Bell, a 1876 ya same ta a Amurka. *Vision* gani ne, *television* kuwa ganin abin da ke nesa, watau talabijin. Gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan aka buɗe shi a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962. *Scope* abin dubawa ne, saboda haka *telescope* madubin hangen nesa ne, irin wanda Galileo na ƙasar Italiya ya ɗaga sama a 1610 ya hango watanni huɗu suna kewaya tauraron da Larabawa su ke kira Mushtari.

Kun lura da ribar da muka ci? Kalma uku muka karya, amma gunduwa huɗu muka samu, kowace kuwa tana da nata dangin. Ɗauki *scope* ka sa mata *micro*, wadda ma'anarta ƙanƙane, sai ga *microscope*, madubin likita. Ɗauki *phone* ka sa mata *micro* ɗin nan, sai ga *microphone*, abin da liman ya ke magana a cikinsa ran Juma'a, ƙaramar murya ta zama babba. Ga kuma *graph*, rubutu ko zane. *Photo* haske ne, *photograph* zanen da haske ya yi, mu kuma muka gutsure rabin farko muka ce hoto. *Geo* ƙasa ce, *geography* kuwa rubuta labarin ƙasa. Irin wannan aiki ne ya kawo wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, har ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, yana rubuta sunayen garuruwa da gulabe da nisan da ke tsakaninsu. *Bio* rai ne, *biography* tarihin rayuwar mutum. In ya rubuta da kansa sai a ƙara *auto*, watau da kai, a ce *autobiography*. Harufa goma sha uku ke nan, ga shi kun shanye su ba ku shaƙe ba.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta yana nan bisa hanyar Kalgo zuwa Bunza, waɗansunku ma suna wucewa ta gabanta. Sunayen fannonin da a ke karantawa a irin waɗannan manyan makarantu da yawa da *logy* su ke ƙarewa, ma'anarta kuwa ilimin abu kaza. *Biology* ilimin masu rai, *geology* ilimin ƙasa da duwatsu, *microbiology* ilimin ƙananan masu rai waɗanda ido ba ya gani. Yarinya 'yar aji biyar da ta iya karanta sunan nan ta kuma faɗi abin da ya ke nufi, ta riga ta daina ganin jami'a kamar gidan da aka gina don 'ya'yan waɗansu.

Amma kada ku ce duk wannan maganar jarrabawa ce da jami'a. Ga inda abin ya shafi tuwon gidanku na bana.

Ƙasarmu ƙasar shinkafa ce. Ku ɗauka mahaifin ɗayanku ya dawo daga kasuwa da kwalba biyu na maganin feshi, shi kuwa bai yi boko ba, ya miƙa wa ɗansa ya ce, "Kai ɗan makaranta, duba mini, wanne ne na ciyawa, wanne ne na ƙwari?" Rubutun da ke jikin kwalaben duk da Turanci ya ke. A ɗaya an rubuta *herbicide*, a ɗaya *insecticide*. Yaron da ya saba jiran malam sai ya sunkuyar da kai. Wanda ya saba karya rake kuwa zai ga harufa huɗu na ƙarshe iri ɗaya ne, *cide*, ma'anarsu mai kashewa. *Herb* ganye ne ko ciyawa, *insect* ƙwaro. Shi ke nan, ya raba gardama. In ya ga *rodenticide* na ɓera ne da gafiya, *pesticide* kuwa babban suna ne da ya tattara su duka.

Ba a nan ma wuyar ta tsaya ba. Maganin ciyawa iri iri ne. A jikin wani za a rubuta *pre-emergence*, a jikin wani *post-emergence*. *Emergence* fitowa ce, a nan tsirowa a ke nufi. *Pre* kafin, *post* bayan. Na farko kafin ciyawa ta tsiro a ke fesa shi, na biyu sai ta tsiro. Wani kuma za a ce *selective*, watau mai zaɓe, ya kashe waɗansu tsire-tsire ya ƙyale waɗansu. In kuwa aka sa masa *non* a goshi aka ce *non-selective*, to, ba ya zaɓe, domin *non* korewa ce. Irin wannan in aka fesa shi bisa shinkafar da ta riga ta yi ganye, da ita da ciyawar duk ɗaya ne a wurinsa. Harufa uku ne kurum, *n* da *o* da *n*, amma suna iya raba manomi da kuɗin iri da na taki da wahalar wata guda. Na tabbata uban da ɗansa ya tsare masa gona ta wannan hanya ba zai ƙara tambayar amfanin boko ba. Sai dai ku ji gargaɗi: aikinku karatu ne kawai. Kada ku buɗe kwalba, kada ku sansana, kada ku taɓa da hannu, gwargwadon abin da za a zuba kuwa a tambayi malamin gona.

Akwai wata ɗafa-ƙeya da ta ke da yawa cikin littattafanku, ita ce *tion*, wadda a ke furtawa kamar "shan". Aikinta ta mai da aikatau ya zama suna, yadda mu ke cewa karanta, karatu, ko rubuta, rubutu. *Educate* ilimantar, *education* ilimantarwa. *Examine* jarraba, *examination* jarrabawa. *Elect* zaɓa, *election* zaɓe. *Irrigate* ba shuka ruwa, *irrigation* ban ruwa irin na noman rani. In kun ga *tion* ku rufe ta da yatsa ku dubi abin da ya saura, sau da yawa za ku tarar da tsohon sani. Wadda na fi so cikin dangin nan ita ce *vaccination*, allurar rigakafi, domin akwai saniya a ɓoye cikinta. *Vacca* saniya ce da Latin. A 1796 wani likitan Ingila, Edward Jenner, ya gwada cewa wanda aka sa wa ruwan ƙurajen wata 'yar cuta ta shanu ba ya kamuwa da agana. Wannan ne asalin abin da kakanninku su ke kira lamba, ku dubi damtsensu za ku ga tabon. A 1980 aka yi shelar cewa agana ta ƙare a duniya ɗungum.

*Er* a ƙarshen kalma kuwa ita ce *ma* ɗinmu ta manomi. *Farm* noma, *farmer* manomi, *teach* koyar, *teacher* malami, *drive* tuƙa, *driver* matuƙi, wanda muka mayar direba. *Inter* tsakani ce, ita ce cikin *international*, tsakanin ƙasashe, da *interpreter*, mai shiga tsakanin masu harshe biyu, wanda kakanninmu suka ji a bakin Turawan mulki suka ce tafinta. *Un* da *dis* da *im* da *in* su kan juya kalma ta koma kishiyarta: *happy* da *unhappy*, *obey* da *disobey*, *possible* da *impossible*. Ku gwada da kalmar da kuke gani kowace ranar 1 ga Oktoba. *Depend* dogara ga wani, *dependence* halin dogara, *independence* rashin dogara ga wani, watau mulkin kai, wanda Nijeriya ta samu a 1960.

Yanzu sai in gaya muku inda hanyar nan ta ke da ramuka, domin malamin da ya nuna wa yaro gulbi bai nuna masa inda ke da zurfi ba ya cuce shi. Kama da wane ba wane ba ce. A Hausa ma ba kowace *ma* ce ta manomi ba. Masara ba mai yin sara ba ce, mage da mangwaro da madara haka aka same su. Bango kuma ba mutumin wani gari ba ne. Turanci ma haka ya ke. *Uncle* kawu ne ko baffa, babu wata korewa a cikinsa. *Water* da *finger* ba masu yin wani aiki ba ne. *Carpet* darduma ce, ba ruwanta da mota. *Decide* yanke shawara ne, ba a kashe kowa. *Station*, wadda muka mayar tasha, in ka rufe *tion* ɗinta ba za ka tarar da komai ba.

Waɗansu kuma harafi ɗaya ne ya raba su. *Anti* ma'anarta mai gāba da abu, ba antin da ke koya muku lissafi ba. *Antimalarial* maganin da ke yaƙar zazzaɓin cizon sauro ne. Amma *ante*, mai *e* a ƙarshe, kafin ce. *Antenatal* da kuke gani a ƙofar wani ɗaki na asibiti, inda iyayenku mata su ke zuwa awo, ma'anarta kafin haihuwa, ba gāba da haihuwa ba.

Wani lokaci ma gunduwoyin su kan faɗi gaskiyar abin da mutanen dā suka zata, alhali kuwa zaton nasu kuskure ne. *Mal* mugu ne ko maras kyau, kamar cikin *malnutrition*, rashin abinci mai gina jiki. *Malaria* daga harshen Italiya ta fito, ma'anarta muguwar iska. Mutanen can sun lura masu zama kusa da fadama sun fi yin zazzaɓi, sai suka ɗora wa iskar fadama laifi. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majiyyaci da madubin likita. A 1897 kuma Ronald Ross ya same ta cikin sauro a Indiya. Sunan ya zauna, amma ku da ke kwana kusa da fadama ku sani gidan sauro ne maganin abin, toshe hanci ba ya hana komai.

Ramin da ya fi duka haɗari shi ne wannan. A jikin tankar mai a kan rubuta *highly inflammable* da manyan harufa. Yaro mai wayo, wanda ya koyi cewa *in* korewa ce, sai ya ce, "*Flame* harshen wuta ne, *able* mai yiwuwa, ashe *inflammable* abin da ba ya kama wuta ke nan." Ya bi hanya daidai, ya kuwa faɗa rami. *In* iri biyu ce. Akwai ta korewa, akwai kuma mai ma'anar ciki, kamar ta *inside* da *income* da *inject*. Ta jikin tanka ta biyun ce. *Inflame* cinna wuta ne, *inflammable* kuwa abin da ke kama wuta nan da nan. Da ita da *flammable* ma'anarsu ɗaya, kishiyarsu ita ce *non-flammable*. Ba ina faɗin haka don wasa da harufa ba ne. A watan Oktoba na 2024 wata tanka ta faɗi a garin Majiya ta Jihar Jigawa, mutane suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. In kun ga tanka a kwance ku yi nisa, ku kuma ja ƙannenku.

Saboda ramukan nan, aikin hawa uku ne. Ka karya kalma ka yi hasashen ma'anarta. Sa'an nan ka mai da ma'anar cikin jimlar ka ga ko ta zauna, domin in labarin ɗaki a ke yi aka ce an shimfiɗa *carpet*, hankali ma ya isa ya gaya maka ba mota ba ce. Daga baya ka buɗe ƙamus ko ka tambayi malam. Matambayi ba ya ɓata.

Na sha jin waɗansu malamai, in ina rangadin makarantu, suna cewa wannan ya fi ƙarfin 'yan firamare, a bari sai sakandare. Ban yarda ba. Yaron da ya san jam'in gida gidaje ne, na tunkiya tumaki, na doki dawaki, na sarki sarakuna, bai kuwa taɓa ruɗewa ba, ya riga ya ɗauki kayan da ya fi *pre* da *post* nauyi. Waɗansu kuma su kan ce ai yanzu akwai ƙamus cikin wayar hannu, me za a yi da wahala? Ƙamus abu ne mai daraja, ina kuwa so kowace makaranta ta mallaki ko da guda ɗaya na takarda. Amma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya, a gona kuma caji ya kan ƙare. Bayan haka ƙamus kalma ɗaya ya ke ba ka in ka tambaye shi ɗaya, gobe ka sake dawowa. Abin da na ke roƙon malamai kaɗan ne: gunduwa biyu a mako, a rubuta a gefen allo, a bar yara su yi ta farautar danginsu. Kafin shekara ta ƙare sun tara abin da zai ishe su.

Akwai wata cuta kuma da ta kan kama yaron da ya fara jin daɗin dogayen kalmomi, ita ce son burga. Bahaushe ya riga ya raɗa mata suna, dogon Turanci, watau magana mai yawa wadda ba ta kai ga biyan bukata. Za ka ga yaro zai rubuta wa yayansa wasiƙa yana neman kuɗin littafi, maimakon *buy* sai ya sa *purchase*, maimakon *begin* sai *commence*, har mai karatu ya rasa abin da a ke roƙonsa. Wannan ba ilimi ba ne. Muna koyon dogayen kalmomi don mu gane su in mun gamu da su a jikin kwalba ko takardar asibiti. In mu ne masu rubutu, gajeriyar kalma in ta isa ita ce ta fi. Inda babu gajeriya, kamar *photosynthesis*, yadda ganye ya ke haɗa abincinsa da hasken rana, sai a ɗauki doguwar ba tare da tsoro ba.

Tun da mun zo nan, bari in nuna muku sarkin dogayen, wanda ke cikin manyan ƙamusoshin Turanci, mai harufa 45: *pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis*. Kada ku gudu, ku kawo wuƙa. *Pneumono* huhu ne, ba a kuwa furta *p* ɗin farko, kamar cikin *pneumonia*. *Ultra* fiye da kima. *Microscopic* kun riga kun san shi, ƙanƙanen da sai da madubin likita. *Silico* sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu. *Volcano* dutse mai aman wuta. *Coni* ƙura, *osis* cuta. In an haɗa, ciwon huhu ne da shaƙar ƙurar dutse mai laushi ƙwarai ta ke kawowa. Gaskiyar magana, a 1935 wani shugaban ƙungiyar masu wasan wasa ƙwaƙwalwa a Amurka, Everett Smith, ya ƙera ta da gangan don ta fi kowace tsawo. Likitoci kuwa *silicosis* su ke cewa su huta.

Wata riba kuma ta musamman ce gare mu mazauna kusa da iyaka. In kun bi ta Kamba kun shiga Jamhuriyar Nijar, harshen makaranta da kuka fi tararwa a rubuce Faransanci ne. Tun da shi ma daga rumbun Latin da Girkanci ya ke ɗiba, za ku ga *téléphone* da *géographie* da *vaccination* a jikin alluna, lafazi ya bambanta, gunduwoyin kuwa su ne dai naku.

Ga abin da za ku yi tun daga yau. Ku ware shafi goma na ƙarshen littafin rubutunku. Kowace gunduwa a ba ta rabin shafi, a rubuta ta a sama da ma'anarta da Hausa. Duk inda kuka gamu da danginta, ko a buhun taki, ko a kwalin magani, ko a allon bakin hanya, ku kawo ku zuba a ƙarƙashinta, waɗanda suka yi kama amma ba dangi ba kuwa ku ja musu layi da jan biro. Ku fara da waɗannan uku, ban kuwa fassara muku su ba da gangan: *thermometer*, da *transportation*, da *deforestation*. *Meter* awo ne, kun san ta a mitar lantarki da kilomita. *Port* ɗauka ce, *trans* ƙetarewa. *Forest* daji ne, *de* kuwa cirewa. Saura *thermo*. Ita ku je ku dubi abin da ma'aikaciyar asibiti ta ke sa wa mai zazzaɓi a hammata, ku tambaye ta abin da ta ke aunawa.